Fodkas: Keke, banɗaki da 'yan matan da ke ɓacewa daga aji

Rabi: Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Rabi, ga Nura, ga Zainab. Tun makon jiya saƙonni ke ta shigowa a kan karatun 'ya'ya mata, shi ne muka ce bari mu zauna a kansa.

Zainab: Har da wadda ta turo saƙon murya mai tsawon huɗuba.

Nura: Ni kuwa na saurara har ƙarshe, a ba ni ladana.

Rabi: Allah ya ba ka. Yawancin masu turo saƙo cewa suke iyaye ne ba sa son kai yarinya makaranta. Akwai wannan, ban musa ba. Amma a ƙasashe da yawa yanzu, in ka leƙa aji ɗaya na firamare, mata da maza kusan kunnen doki suke. Sai an gama firamare za a shiga sakandare, nan ne za ka nemi 'yan matan ka rasa.

Nura: Aure ke nan, Anti.

Rabi: Yana ciki. UNICEF ta ce duk shekara ana aurar da 'yan mata kusan miliyan 12 kafin su cika 18. Sai dai sau da yawa barin makarantar ne ke zuwa da farko, auren ya biyo baya. Firamare tana kusa da gida, sakandare kuwa sai an yi tafiya. Uba zai bar ɗansa namiji ya taka wannan hanya da sassafe, 'yarsa da ta fara girma fa? Ba ƙin karatu yake ba, tsoro yake ji. Ka san abin da aka yi a Bihar?

Nura: Ta Indiya?

Rabi: Ita. A 2006 gwamnatin jihar ta fara ba duk yarinyar da ta shiga aji tara, wato farkon sakandare a can, kuɗin sayen keke. Keke kawai! Masana biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, suka bi diddigin abin, suka ga shigar 'yan mata sakandare ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, tazarar da ke tsakaninsu da maza ta ragu da kashi 40.

Nura: Anti, tsakani da Allah, ke kin iya tuƙa keke?

Rabi: Ina ruwanka?

Zainab: Ba ta iya ba! Dubi yadda ta kawar da kai.

Rabi: Na iya mana. Tsayawa ce dai ke ba ni wahala.

Nura: To ai wannan ba iyawa ba ce. Duk wanda aka tura zai tafi.

Zainab: Ni fa birki nake mantawa da shi, ƙafa nake sa wa.

Nura: Shi ya sa takalmanki ba sa daɗewa.

Rabi: Ku dai ku yi ta yi. Kai da kake baki, wa ya taɓa ganinka a kan keke?

Nura: Ni na wuce wannan aji, Anti. Na yi ritaya.

Zainab: Da girma ko da rauni?

Rabi: To, ya isa. Ina muka tsaya? Yawwa. Bayan hanya, sai banɗaki. Mutane na raina wannan magana, amma ku ɗauki yarinya mai shekara 13, al'ada ta zo mata tana aji. Banɗakin makarantar ɗaya ne da na maza, ƙofar ba sakata, ba ruwa. Ta ɗaura rigar sanyi a ƙugu, ta jira kowa ya fita kafin ta miƙe. Gobe ba za ta zo ba, jibi ma haka. Wata mai zuwa a maimaita. Ranar jarrabawa ta faɗi, a ce ba ta da ƙwaƙwalwa.

Zainab: Kenya ta cire harajin audugar mata tun 2004, a 2017 kuma ta yi dokar raba ta kyauta a makarantun gwamnati.

Rabi: Doka dai an yi, isar kayan hannun yarinyar kuma wani aiki ne daban. Sannan akwai inda hukuma ce da kanta ke rufe ƙofa. Saliyo ta hana masu juna biyu zuwa makaranta sai a 2020 ta janye, Tanzaniya sai 2021. A Afghanistan kuwa tun 2021 Taliban suka hana 'yan mata sakandare, ƙarshen 2022 suka haɗa da jami'a.

Nura: Ni tambayata, Anti, ko an zauna a ajin, ana iya karatun kuwa?

Rabi: Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa yara 7 cikin 10 masu shekara goma a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta ɗan gajeren labari su fahimta. To uwar da ta haƙura da taimakon 'yarta a gida shekara shida, ta miƙa mata takardar magani ta kasa karantawa, me za ka ce mata? Ta ga asara ƙiri-ƙiri.

Zainab: Ita uwar ma fa. Manyan da ba su iya karatu da rubutu ba a duniya sun haura miliyan 700, kusan kashi biyu cikin uku mata ne.

Rabi: Kuma ajin yaƙi da jahilci ana yawan shirya shi kamar na yara. A sa shi lokacin da mace ta fi aiki, a koyar da harshen da ba ta ji, a hana ta zuwa da goyo. Sati uku aji ya watse. Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, ta riga mu gane wannan: ta horar da malamai mata da ake kira jaji, su ne ke bin mata har inda suke, da waƙoƙi cikin harshen da suke ji. Cuba ma a 1961 malaman ne suka bi mutane ƙauyuka, da yawansu 'yan mata ne ƙanana.

Zainab: Yanzu ga waya. Mace ta gaji da miƙa wa ɗanta waya ya karanta mata saƙon da ba nasa ba. Ka fara mata da wannan, ka ga ko za ta yi fashi.

Nura: To, ni na rubuto shawarwari uku da za mu rufe da su. Ta farko...

Rabi: Malam Nura, dubi agogo.

Nura: Kai! Keken nan ne ya cinye mana lokaci.

Zainab: Wa ya tayar da maganar?

Rabi: Ka ajiye takardar, mako mai zuwa da ita za mu fara. Ku ci gaba da turo saƙo, amma don Allah a taƙaita. Sai an jima.