Amsoshin Tambayoyinku: Bin Sawun Kakan da Ya Zo Kaduna a Zamanin Turawa

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Ga mu daga nan Kaduna cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Yau wasiƙu biyu na ware da wani ɗan gajeren saƙo, duk a kan neman asalin kakan da ya shigo ƙasar nan baƙo a zamanin mulkin mallaka.

Ta farko daga wani malami ce a Tudun Wada. Ya ce kakan mahaifinsa Bazabarme ne, ya ƙetaro daga ƙasar da Faransi ke mulka a lokacin, ya shiga soja, da aka sallame shi ya yi zamansa a Kaduna har Allah ya yi masa rasuwa. Iyakar abin da suka sani, ana ce masa Mamman Soja. Yana tambaya, wane ofishi zai je a ba shi takardar haihuwar tsohon da sunan garinsu?

Malam, Allah ya saka da alheri da ka damu da wannan. Amma ka cire batun takardar haihuwa daga ranka, don a wancan lokaci ba a yi wa mutanen karkara rajistar haihuwa, a nan ko a can. Ƙidayar 1921 da ta 1931 ma, abin da aka buga alƙaluma ne, ba jerin sunaye ba. Bature yakan rubuta sunan talaka ne idan yana biyansa albashi, ko ya ba shi fili, ko ya gurfanar da shi gaban shari'a. Kakanku ya ci albashin soja, saboda haka kana da sa'ar da jikokin manomi ko ɗan koli ba su da ita.

Sai dai kafin ka taka ƙofar kowane ofishi, ka fara da gida, kuma a makon nan. Takarda za ta jira ka, gwaggonka mai shekara tamanin ba lallai ta jira ba. Ka zauna da ita, ka nemi izininta ka kunna rikodar waya. Kada ka tambaye ta shekara, ba da ita suke lissafi ba. Ka ce, "Gwaggo, da ya zo, an yi yunwar Kakalaba ko ba a yi ba? Marisuwa ta same shi a nan? Wane Sarkin Zazzau ne a kan gado?" Kakalaba wajen 1914 ce, Marisuwa, wato annobar mura, 1918. In ta ce zamanin Aliyu Ɗan Sidi ne, to tsakanin 1903 da 1920 ke nan, in kuwa Sarki Ja'afaru ne, daga 1937 zuwa 1959. Akwai kuma yunwar fāra ta 1931 da ta watsa jama'ar yammacin Nijar, da aikin tilas na Faransi wanda ba a soke ba sai 1946. Waɗannan na daga cikin abubuwan da suka koro mutane da yawa zuwa nan. Ka tambayi zanen fuskarsa, da kirarinsa, da baƙin da suke sauka a gidansa, daga wane gari suke zuwa.

Sannan a buɗe tsohuwar adakar nan ta ƙarfe da ke ƙarƙashin gado. In an dace da lambar yabo, ka goge ta, ka duba gefenta da bayanta da kyau a cikin haske. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda sojojinmu suka yi a Kamaru da Gabashin Afirka, an buga musu lambar sojan da muƙaminsa da sunansa da rundunarsa da ƙananan haruffa. Na yaƙin Hitila, da aka kai sojojinmu Bama, galibi babu suna a jikinsu, nan sai ka nemi littafin sallama ko takardar fansho. Lambar soja ita ce mabuɗi, don Mamman a bariki ba ya ƙirguwa.

Abin da ke ɓatar da masu bincike shi ne suna. Akawun bariki yakan rubuta abin da kunnensa ya ji, ya liƙa sunan gari ko na ƙabila. Muhammadu sai ya koma Momadu ko Momo, Umaru ya zama Omoru, Garba ya zama Garuba, a bi shi da Zaberma ko Dosso ko Sokoto. Wasu 'yan ƙasar Faransi ma sukan ambaci wani garin Najeriya don kada a mayar da su. A takardun Faransi kuwa za ka ga Mamadou da Oumarou. Ka jera duk yadda za a iya rubuta sunan a takarda guda, ka tafi da ita.

Yanzu sai ofis. A nan kan titin Yakubu Gowon akwai reshen Kaduna na Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, ɗaya daga cikin manyan uku, sauran suna Ibadan da Inugu. Nan aka tara fayilolin Sakatariyar Lardunan Arewa, masu alamar SNP, da na larduna, kamar ZARPROF na Zazzau, SOKPROF na Sakkwato, KANOPROF na Kano. Ba za ka faɗi suna a danna kwamfuta ya fito ba. Littattafan jerin fayiloli za a ba ka, ka bi da yatsa, ka rubuta lambar wanda kake so a ɗauko maka. Ka nemi abin da ya shafi tsoffin sojoji, fansho, rabon filaye a Kaduna, da masu ƙetaro iyaka daga ƙasar Faransi. Takardun sun tsufa, wasu gefensu na marmashewa, ka juya su a hankali don na bayanka. Duk abin da ka samu, ka rubuta lambar fayil da shafi nan take. Daga nan ka leƙa Arewa House da ke titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970, yanzu yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Suna da tsoffin jaridu da kundayen ɗalibai kan tarihin unguwannin Kaduna.

In ɗa ko jika ya iya intanet, ya shiga shafin ma'ajiyar takardun Ingila da ke Kew a Landan. Katunan lambobin yabo na yaƙin farko suna rukunin WO 372, kuma akwai 'yan rundunar Najeriya a ciki. Waɗanda nasu kakan bai dawo daga yaƙi ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila tana da shafin neman suna kyauta. Sai dai ita kanta ta amsa a 2021 cewa dubban 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin farko ba a rubuta sunayensu ba. Rashin ganin suna ba ya nufin tsofaffinku sun yi ƙarya.

Kuma Malam, kada wani ya sa ka ji kunyar wannan asali. Gbagyi ne aka tarar a nan. Da aka dawo da hedkwata daga Zungeru a 1917, sojoji da leburorin reluwe da akawuna da masinjoji ne suka cika garin, kowa daga inda ya fito.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Unguwar Rimi. Ta ce kakanta na wajen uwa Kwara ne, wato ɗan Labanan, mai kanti, ya auri kakarta, ya rasu mahaifiyarta na goye, dangin can kuma ba a taɓa jin ɗuriyarsu ba.

Hajiya, Allah ya jiƙan magabata. Naki ya fi na Malam sauƙi ta wani gefen, domin baƙon da ba ɗan ƙasa ba ba ya riƙe fili a Arewa sai da takardar izinin gwamnati, kuma fayil ɗin fili yakan ɗauki cikakken suna da sa hannu. In kin san inda kantin yake, a Kaduna ne ko Zariya ko Kano, ki fara da lambar filin a ofishin filaye da ma'ajiyar da na ambata. Ki lura, kada ki nemi kalmar Labanan kawai. Ƙasar tana ƙarƙashin Turkiyya har 1918, sannan Faransa ta riƙe ta har 1943, shi ya sa tsoffin fayiloli suke kiransu mutanen Siriya. In ya yi wa kamfanin UAC awon gyaɗa ko auduga, takardun kamfanin suna ajiye a Port Sunlight kusa da Libaful.

Abin da za ki fi farauta shi ne sunan ƙauyensu, don a Labanan rajistar iyali tana bin ƙauye ne, kuma tushenta ƙidayar 1932. Ki duba dutsen kabarinsa in an san wurin, ki kuma kai hotonsa wajen dattawan Kwarori na Kano, sun san gidajen juna ƙwarai. Kakarki kuwa, da wuya ki gan ta a fayil ɗin Bature. In an yi rabon gado a gaban alƙali, littafin kotun, da Larabci ko ajami, shi ne inda sunanta da na 'yarta za su iya fitowa tare da nasa. Shawarata, in Allah ya sa kin samu dangin, ki fara aika gaisuwa da hoto ta hannun dattijon da suka sani, ki bayyana tun farko cewa zumunci kike nema. Mutane kan rufe ƙofa in suka zaci maganar gado ce.

Sai saƙon wani matashi daga Kakuri, yana tambaya ko gwajin ƙwayar halitta da ake aika yawu waje zai gaya masa garin kakansa. A'a ɗana, yanki zai nuna maka a dunƙule, ba zai ba ka sunan gari ko na mutum ba. Amfaninsa shi ne haɗa ka da dangin da su ma suka yi gwajin, kuma mutanenmu kaɗan ne suka yi. Yakan kuma tono abin da gida bai shirya ji ba, don haka ka shawarci manyanka tukuna. Kuɗin da za ka kashe, ka yi na mota ka je wajen kakarka da littafi da biro.

Lokaci ya cimma mana. Malam na Tudun Wada, in ka samu lambar nan, ka rubuto mana abin da ke jikinta harafi da harafi, mu taimaka maka karanta ta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.