Ƙullin yashi da dutsen Chappal Waddi

Binta: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Samaru, Zariya. Yau ni da Aminu za mu tattauna ko ya dace a yi awon ma'adinai a gandun dajin Gashaka-Gumti. Malam Sani, mai binciken ma'adinai, ya shigo mana da ƙullin yashi a leda. Malam, na mene ne?

Malam Sani: A wani rafi na ɗebo shi, kusa da Kufena. Da irinsa muke fara gane abin da dutse ya ɓoye. Ruwa kan wanko ɓurɓushin duwatsu ya gangaro da shi, sai mu bi rafi-rafi muna ɗiba, mu shanya, mu tankaɗe, mu kai ɗakin gwaji. In an ga alamar zinare ko kuza, sai a yi ta hawa rafin har a kai inda take fitowa. Akwai kuma jirgin sama mai auna maganaɗisun duwatsu. Ko itace ɗaya ba a sarewa.

Aminu: To ni dai hankalina bai kwanta ba. Ga Gashaka-Gumti can tsakanin Taraba da Adamawa, gandun daji mafi girma a ƙasar nan. Nan Chappal Waddi yake, mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi tsawo a Najeriya. Dokar ma'adinai ta 2007 ta hana ba da lasisin haƙa a irin wannan gandu. Awon me kuma za a yi?

Malam Sani: Don gwamnati ta san abin da take tsarewa, Aminu. Ko Amurka, dokarta ta kare dazuzzuka ta 1964 ta ce a riƙa binciken ma'adinansu. Kuma ganin alama ba samun arziki ba ne, sai an huda ƙasa an san yawansa.

Aminu: Mai diga da shebur ba ya jiran a huda, Malam. Ƙishin-ƙishin ya ishe shi. Dubi yadda safaya, wato dutsen ado mai tsada, ta ja jama'a zuwa tsaunin Mambila.

Binta: Ni Zamfara ce ke raina. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400, ana daka dutsen zinare mai ɗauke da dalma a turmi, a tsakar gida, yara na wasa a ƙurar. Ga shi ruwan duwatsun Gashaka Kogin Taraba yake shiga, ya faɗa Binuwai. Malam, in an gama awon, taswirar a hannun wa za ta zauna?

Malam Sani: Wallahi tambayar nan na damuna ni ma. Da ni ne, ba zan bari ta fita ba sai an ƙara wa masu gadin daji mutane da babura, an kuma zauna da makiyaya da manoman da ke zaune a wurin.