Ƙurar Asbestos: Ciwon da Ke Jira Shekara 30, da Shari'ar da Ta Kai Landan

A 1949, wani likita mai suna Gerrit Schepers ya ziyarci mahaƙar Penge da ke Afirka ta Kudu. Ya tarar da ƙananan yara a cikin manyan buhuna, suna tattaka asbestos da ƙafafunsu don buhun ya ci da yawa, ƙurar kuma tana zubo musu a ka wuni guda, ga wani ƙato a tsaye da bulala. Mahaƙar mallakar wani kamfanin Ingila ce mai suna Cape.

To masu kallo, mene ne asbestos ɗin nan? Ma'adini ne da ake haƙowa a cikin dutse, amma in aka farfasa shi sai ya zama zare-zare kamar auduga. Wuta ba ta cin sa, ga arha, shi ya sa aka zuba shi a rufin gida, da silin, da bututun ruwa, da birkin mota. Matsalar tana ga ƙurarsa. Zaren ya fi gashi siranta nesa ba kusa ba, in ya shige huhu kuwa ya samu wurin zama, tari ba ya fito da shi.

Sai ya yi lamo. Shekara 20, 30, wani ma har 50, mutum na harkokinsa lafiya lau. Daga baya numfashi ya fara gajarta, hawa bene ya zama aiki. Wani huhunsa ne ke ƙandarewa, shi ake kira asbestosis. Wani kansar huhu ce, musamman mai shan taba. Mafi muni ita ce mesoteliyoma, kansar tantanin da ya lulluɓe huhu, wadda har yau ba a samu maganin da ke warkar da ita ba. A wani asibitin tarin fuka a garin Kimberley na Afirka ta Kudu aka lura da yawanta: ana ba marasa lafiya maganin tibi, ba sauƙi. A 1960 Dakta Chris Wagner da abokan aikinsa suka wallafa bincike kan mutum 33 masu wannan kansa, 32 daga cikinsu sun shaƙi ƙurar wani nau'in asbestos mai launin shuɗi. Wasunsu ma ba su taɓa shiga rami ba, zama kusa da mahaƙa ne kawai ya ja musu.

Lokacin da ciwo ya bayyana a jikin da yawa daga cikin ma'aikatan, Cape ya riga ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar tun 1979. Wa za ka kai ƙara?

A 1997 lauyoyi suka shigar da ƙara can Landan, inda uwar kamfanin take. Cape ya ce a koma Afirka ta Kudu a yi shari'ar, ya kuwa san talakawan nan ba su da kuɗin lauya a can. Aka yi ta ja-in-ja har Yulin 2000, kotun ƙoli ta Ingila ta ce a saurare su a Landan. Masu ƙara suka kai kusan 7,500. An yi sulhu kan fam miliyan 21 a 2001, kamfanin ya kasa biya. A 2003 aka tsaya kan miliyan 7.5, wani kamfanin mai suna Gencor ya ƙara miliyan 3 da ɗoriya. Ku raba da kanku ku ga abin da ya isa hannun kowa. Ɗaruruwa ma sun rasu ba su ga ko kwabo ba. Duk da haka hukuncin ya buɗe ƙofa: kamfani ba zai fake da cewa ɓarnar a wata ƙasa aka yi ta ba.

Afirka ta Kudu ta haramta asbestos a 2008. A Najeriya kuwa, tsohon silin na asbestos na nan a gidaje da makarantu, kafinta na yanka shi da zarto, fuska ba takunkumi. In bai fashe ba, a ƙyale shi. In dole sai an cire, a jiƙa shi da ruwa, kada a yanka, kada a share ƙurar da tsintsiya.

Wanda ya yi aiki da shi, ya gaya wa likita da bakinsa, ko da shekara 30 ke nan. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta 2010 ta haɗa da cututtukan da ake ɗauka a bakin aiki, hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ce ke biya, kuma wa'adin shigar da buƙata shekara ɗaya ne daga lokacin da ciwon ya naƙasa mutum ko ya yi ajalinsa. Takardar ɗaukar aiki, katin shaida, takardar albashi, sunayen waɗanda kuka yi aiki tare: su lauya zai fara tambayarka.