Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi kan Ƙungiyoyin Agajinmu a Ingila Bayan Korona

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaba, iyayenmu dattawa, malamanmu Allah ya gafarta muku, iyayenmu mata, da 'yan'uwa da suka taso daga Landan da sauran garuruwa, sannunku da zuwa. Waɗanda annobar korona ta ɗauke mana, a nan da can gida, Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

An ce in yi magana a kan yadda za mu tallafi ƙungiyoyin agajinmu, mu kuma tsaya musu a lokacin annoba. Ba na shakkar kyautar mutanenmu ko kaɗan. A ce wani ya rasu da safe, kafin la'asar an haɗa kuɗin jana'iza a WhatsApp. Inda muke da rauni shi ne takarda da tsari, kuma a nan annobar ta ritsa mu.

Ranar 23 ga Maris 2020 aka sa dokar kulle a ƙasar nan. Mako guda kafin haka Majalisar Musulmin Birtaniya ta ba da shawarar a dakatar da sallar jam'i. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu ƙofofin masallatai na garƙame. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun masallaci ya san inda kuɗin ke fitowa: bokitin da ake zagayawa da shi ranar Juma'a, da tarin da ake yi a dararen Ramadan. Duka biyun suka tsaya cak, a daidai lokacin da direban tasi ya ajiye mota, mai aikin dare a otal aka ce ya zauna gida. NCVO, uwar ƙungiyoyin sa kai ta Ingila, ta ƙiyasta cewa sashen agaji zai yi asarar kimanin fam biliyan 4 cikin mako 12. Ranar 8 ga Afrilu ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, ya sanar da tallafin fam miliyan 750.

To wa ya samu? Wanda ya iya cike fom. Masu ba da tallafi suna neman kundin tsarin mulki a rubuce, asusun banki da sunan ƙungiya, lissafin kuɗi na shekarar da ta wuce, da rubutacciyar ƙa'idar kare yara da masu rauni. Ƙungiyar da kuɗinta ke shiga asusun ma'aji na ƙashin kansa, komai amanarsa, ta faɗi tun a shafin farko. Buɗe asusun ƙungiya kuwa kan ɗauki makonni ko da lafiya lau ake, balle lokacin da rassan bankuna suka rage aiki.

Akwai wani abu da ya kamata malamanmu su ji. Fam miliyan 200 daga cikin tallafin nan an raba shi ga ƙananan ƙungiyoyin Ingila ta hannun National Lottery Community Fund, hukumar da ke raba kuɗin cacar ƙasa ga ayyukan al'umma. Ƙungiyoyin Musulmi da yawa ba sa taɓa kuɗin caca, kuma wannan matsayi ne mai tushe. Sai dai wancan kason daga baitulmalin gwamnati ya fito, harajinku ne, rabawa kawai aka ba wannan hukuma. Nan gaba, kafin a juya baya saboda suna, a rubuta a tambayi tushen kuɗin, a kawo amsar gaban malamai.

Batun rajista ba shi da wuyar da ake zato. A Ingila da Wales, ƙungiyar agaji da kuɗin shigarta ya haura fam 5,000 a shekara wajibi ne ta yi rajista da Charity Commission, hukumar da ke kula da ƙungiyoyin agaji, kuma ba a biyan ko sisi. Ni dai shawarata a ɗauki tsarin da ake kira CIO, wanda doka ke ɗaukar ƙungiyar a matsayin mai zaman kanta daban da shugabanninta, domin shi ana yi masa rajista komai ƙanƙantar kuɗin, kuma idan bashin haya ya hau kan ƙungiya, ita ake bi, ba a bin gidajen amintattu, wato waɗanda aka danƙa wa riƙon ƙungiyar, muddin sun yi aiki da gaskiya. Bayan rajista akwai rahoton shekara da za a miƙa cikin wata 10 da rufe lissafi. Wanda ya makara, ana rubuta hakan a shafinsa da ke rajistar hukumar a intanet, kowa na gani, kuma nan ne mai ba da tallafi ke fara leƙawa.

Yanzu ga inda muke zubar da kuɗi da hannunmu: Gift Aid. Idan mai biyan haraji a ƙasar nan ya ba ƙungiya fam 100, hukumar haraji HMRC za ta ƙara fam 25, ba tare da an cire masa komai ba. Sharaɗi shi ne ƙungiyar ta samu amincewar HMRC, wadda rajista ce daban da ta Charity Commission, sannan mai bayarwa ya cike 'yar takardar shaida: sunansa, adireshin gidansa, da amincewar cewa ya biya harajin da ya kai abin da za a karɓo. A lissafa: mutum 60, kowa fam 20 a wata, fam 14,400 ke nan a shekara. Idan duka sun cike takardar, ƙarin fam 3,600 ne. Ana iya komawa baya har shekara 4 a nemi na abin da aka riga aka bayar.

Ga wuraren da ake tuntuɓe. Ɗalibin da ba ya biyan haraji, ko uwar gida da ba ta da albashi, kada su sa hannu, domin HMRC na iya bin su bashin kuɗin. Idan Hajiya ta tattara na mata goma ta turo a dunƙule daga asusunta, ba za a nemi Gift Aid a kan duka da sunanta ba, kowa ya turo nasa. Kuɗin wata-wata na asusun jana'iza, wanda mutum ke biya don a ɗauki nauyinsa idan ta Allah ta kasance, ba kyauta ba ce a idon doka, tunda akwai abin da yake jira a mayar masa. Na bokiti kuma da nasa tsarin: kyautar fam 30 zuwa ƙasa, ko tsaba ko ta taɓa kati, ana samun ƙarin ba tare da takarda ba, har jimillar fam 8,000 a shekara, wato ƙarin fam 2,000. Amma sai an nemi Gift Aid na ainihi a kan aƙalla kashi ɗaya cikin goma na adadin a wannan shekarar. Mutum biyu su ƙirga kuɗin bokiti tare, su sa hannu, a kai banki yadda yake.

Kuɗin da aka tara da sunan wani abu, doka ta ɗaure shi ga wannan abin. An ce na abinci ne, ba za a biya wutar lantarki da shi ba, ko da za a yanke wutar. Zakka ta fi kowanne tsanani, domin Shari'a ta riga ta ƙayyade masu cinta, don haka a ware mata shafinta. Maganin wannan jimla ɗaya ce a jikin kowace sanarwar neman taimako: idan kuɗin ya yi rara, ko aikin bai yiwu ba, za a sa shi a wani aikin agaji makamancinsa. Wanda za a aika gida, Kano ko Damagaram ko Kumasi, a bi ta banki zuwa asusun wata ƙungiya da aka bincika, a karɓi rasit da jerin waɗanda suka amfana. Kowa ya ga yadda aka fasa rumbunan kayan tallafin korona a jihohin Najeriya a Oktoban 2020, kuma tun daga nan mai bayarwa yana son ya gani da idonsa. Banki ma na iya rufe asusun da kuɗi ke fita waje ba bayani.

Ajiyar ko-ta-kwana, doka ba ta yanke adadi ba. Yawancin ƙungiyoyi na ajiye abin da zai riƙe su wata 3 zuwa 6. A haɗa haya, wuta, inshora da albashi na wata guda, a ninka sau uku, a rubuta a matsayin ƙa'ida.

Sai magana da hukuma. Wasu na ganin ƙungiyar agaji ba ta da bakin magana a kan doka. Tana da shi, muddin batun ya shafi manufarta. Abin da aka hana shi ne goyon bayan jam'iyya ko ɗan takara. Ku tuna Maris 2020: ƙudurin dokar korona ya zo da sashen da ake fargabar zai ba ƙananan hukumomi damar ƙona gawa ko da iyalai ba su yarda ba. Naz Shah, 'yar majalisa mai wakiltar Bradford ta Yamma, ta kawo gyara, ƙungiyoyin Musulmi da na Yahudawa suka tsaya kai da fata, jama'a suka yi ta rubuta wa wakilansu. Gwamnati ta sa nata gyaran da ya wajabta la'akari da addinin mamaci da burinsa, kafin dokar ta tabbata ranar 25 ga Maris. Cikin 'yan kwanaki aka yi wannan, saboda akwai ƙungiyoyin da tuni 'yan majalisa suka san lambarsu.

Mu ma muna da abin faɗa. A watan Mayun 2020 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta nuna cewa, idan aka daidaita shekaru, haɗarin mutuwar baƙar fata da korona ya ninka na farar fata fiye da sau huɗu. A cikinmu akwai ɗalibai da masu bizar da aka buga wa sharaɗin ba su da haƙƙin tallafin gwamnati, ba su isa su nemi Universal Credit, tallafin masu ƙaramin ƙarfi, ba. Su sani cewa taimakon ƙungiyar agaji ba ya cikin abin da aka hana su, a lokacin annobar an yi gwaji da magani da rigakafin korona kyauta ga kowa ko yaya takardunsa suke, kuma rajista da likitan unguwa ba ta buƙatar shaidar zama. Idan za a je gaban kansila ko ɗan majalisa, a tafi da shafi ɗaya: gida nawa aka ciyar, a wace unguwa, nawa aka kashe, me ake nema. Ba a sa sunan kowa. Wannan na nufin tun yau a fara rubutawa.

Ranka ya daɗe, abin da nake roƙon taron nan ya zartar kafin a tashi shi ne a zaɓi amintattu aƙalla uku waɗanda ba dangin juna ba, a sa mata a ciki domin su suka san gidajen da tukunya ba ta hau wuta ba, a ba su wata uku su kawo daftarin kundin tsarin mulki da takardun buɗe asusu. A kuma samu matasa, maza da mata, da za su zauna gaban malamai su koyi wankan gawa da amfani da kayan kariya, tunda dattawan da suka saba yi su ne aka fara cewa su killace kansu.

Na gode da sauraro. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.