Libarba mara nauyi: daɗin ɗauka, wahalar harbi

Assalamu alaikum jama'a. Wannan da kuke gani a tafin hannu ita ce Smith & Wesson 642. Harsashi biyar take ci, bututunta bai kai santimita 5 ba, nauyinta kuma wajen giram 410 ne. A Amurka, idan mutum ya shiga shagon bindiga ya ce yana son ƙaramar libarba da zai riƙa ɗauka a ɓoye cikin tufafi, da wuya a ce ba ita ko wata 'yar'uwarta za a fara miƙo masa ba.

Kafin mu yi nisa, bayanin nan na Amurka ne. A Najeriya dokar makamai ta sa libarba da bistol cikin jerin makaman da aka haramta, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa, don haka mai kallo daga gida ya ɗauki wannan a matsayin ilmi kawai. Ko a Amurkar ma ba kara zube ba ne. Kowace jiha da dokarta, wasu sai da takardar izini, wasu sun cire ta. Dillali mai lasisi ba zai sayar maka da ƙaramar bindiga ba sai ka kai shekara 21, kuma wanda ya shiga ƙasar da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga in ba cikin 'yan wasu keɓaɓɓun halaye ba. A tambayi lauya kafin a tambayi mai shago.

To, ga inda ake ta samun ruɗani. Mutane da yawa sun ɗauka bindiga mara nauyi ita ce mai sauƙin harbi, shi ya sa za ka ji ana cewa a saya wa uwargida ƙarama, a saya wa dattijo mara nauyi. Wannan shawara juye take, kuma ita ce ta sa libarbobi masu yawa suke kwance a aljihun tebur bayan an harba su sau goma kacal.

Ku kalli waɗannan ukun a kan sikeli, duk na kamfanin da ya yi 642 ne. Ta farko 640, ƙarfe zalla, kusan giram 630. Ta tsakiya 642, jikinta alminiyam. Ta ƙarshe 340PD, jikinta alminiyam da aka gauraya da sikandiyam, silindarta kuma, wato gangar mai ramukan harsashi da ke juyawa, taitaniyam ce, wajen giram 330. Girmansu kusan ɗaya ne, duk a kan ƙaramar ƙirar jiki mai suna J-frame da kamfanin ya fito da ita tun 1950.

Idan harsashi ya fita gaba, bindiga dole ta koma baya, kuma abin da ke shanye wannan bugun shi ne nauyinta. Turmi mai nauyi ba ya ko gezau idan an saka taɓarya, ɗan ƙarami kuwa sai ya yi ta tsalle yana zubar da hatsi. Lissafin a fili yake: da harsashi iri ɗaya, in ka rage rabin nauyin bindiga, ƙarfin bugun da zai sauka a hannunka ya ninka. Ga shi an rage saurin hoton. Dubi yadda bakin ta ƙarfen ya ɗan ɗaga ya dawo. Yanzu dubi mara nauyin, har sai da hannun hagu ya saki na dama.

Bugun nan ba a zafin hannu kaɗai yake tsayawa ba. Jiki yana koyon tsoro da sauri. Bayan harbi 'yan kaɗan, mai harbi zai fara danna bakin bindigar ƙasa kafin ta tashi, ba tare da ya sani ba, sai harsashi ya riƙa sauka ƙasa da inda aka auna. Wanda hannunsa ke ciwo kuma ba ya komawa filin atisaye, wanda ba ya atisaye kuwa bai kamata ya riƙa yawo da makami cikin mutane ba. Ra'ayina ke nan, kuma ban ga abin sassautawa a ciki ba.

Akwai abu na biyu da sikeli bai nuna ba, wato kunama. Irin waɗannan libarbobi, jan kunama ɗaya ne yake juya silinda, ya ɗaga 'yar guduma, ya sake ta. Aiki uku a yatsa ɗaya, shi ya sa take buƙatar ƙarfin da ya kai kilo 5 ko ɗan fiye. Ka tuna bindigar giram 410 ce. Wato kana jan abin da ya ninka nauyin bindigar sau goma sha biyu, kuma ana so bakinta kada ya motsa. Ga tazarar saitin gaba da na baya gajeriya, kuskure kaɗan a nan ya zama babba a can. Bindigar ba ta da laifi, in aka ɗaure ta a maƙala za ta kai harsashi inda ake so. Riƙe ta ne aiki. Ruger LCR, wadda ta fito a 2009, ta yi suna ne saboda kunamarta tana tafiya sumul ba tare da ta taru a ƙarshe ba, amma ita ma mai cin harsashin da ake kira .38 Special giram 380 ce da ɗan ɗori, bugunta yana nan.

Yanzu ga matsalar da mafi yawan masu saye ba su taɓa ji ba. Harsashi kashi biyu ne a ido: kwanson tagulla, da kan da ke fita. Bakin kwanson an matse shi a jikin kan don ya riƙe shi. Lokacin da bindiga mara nauyi ta zabura baya da ƙarfi, silinda tana fizgar kwansunan da ba a harba ba ta gindinsu, su kuma kawunan, saboda nauyinsu, suna so su tsaya inda suke. Sai kan ya ɗan zamo gaba daga cikin kwanson. Harbi na farko ya zamo kaɗan, na biyu ya ƙara, na uku ya ƙara. Harsashi na biyar fizga huɗu ya sha kafin layi ya zo kansa. Ku duba hoton nan da kyau: na hagu sabo ne daga kwali, na dama shi ne na biyar, har zoben da aka matse bakin a kai ya fito fili. Idan ya leƙo ta gaban silinda sai ya tokare gindin bututu, silinda ta ƙi juyawa, kunama ta ƙi jawuwa. An ce libarba ba ta cijewa. Tana cijewa, kuma irin wannan ba a gyara shi cikin daƙiƙa biyu.

Gwajinsa ba wuya. A filin atisaye, cika ramuka biyar da ainihin harsashin da kake niyyar ɗauka. Harba huɗu, buɗe silinda, ciro na biyar, ka jera shi da sabo. In kana da kalifa, wato ma'aunin tsawon ƙananan abubuwa, ka auna tsawonsu. Ka maimaita da wasu harsasan sau da yawa, domin ɗaya bai isa shaida ba. In ka ga kan yana zamowa, wannan harsashi bai dace da wannan bindiga ba, ko da kuwa sunan kamfaninsa ya cika duniya. An fi ganin haka da .357 Magnum, harsashin da ya fi .38 ƙarfi, a bindigogin da ba su kai giram 400 ba, da harsashi mai kai mai nauyi na dalma zalla, da kuma libarba mai cin 9mm, domin shi wannan tun asali don bistol aka yi shi, matsin bakinsa bai kai na harsashin libarba ba.

Tunda mun ambaci Magnum, bari in faɗi gaskiya. A bututun da bai kai santimita 5 ba, wani kaso na albarushin bai gama aikinsa ba kan harsashin ya riga ya fice, sai ragowar ta zama wuta da ƙara a bakin bindiga. Yana dai fin .38 gudu, amma kuɗin da kake biya da hannu da kunne da jinkirin harbi na biyu ya fi ribar. A jikin bututun 340PD ma an zana gargaɗi cewa kada a sa mata harsashin da kansa bai kai giren 120 ba, wato kusan giram 7.8, saboda wutar masu sauƙin kai tana cin fuskar silindar taitaniyam. Kuma ba a goge wannan silinda da burushin ƙarfe ko takardar yashi, akwai rufin kariya a kanta, in ya tafi ya tafi.

Me za a zaɓa ke nan? In a ƙugu za ka ɗaura da bel mai ƙarfi, ɗauki ta ƙarfe. Ƙarin giram 200 bel zai ɗauke maka shi, hannunka kuma ya huta. 640 ce, ko Ruger SP101, ko Kimber K6s da Colt Cobra masu cin shida. In aljihu ne dole, to ajin giram 400 da .38 Special ya isa, kada a sauka ƙasa da haka. Akwai harsasan da aka tsara musamman don gajeren bututu, kamar Speer Gold Dot mai giren 135. Wanda bugun wannan ya yi masa yawa ya koma ga mai shafaffen kai na giren 148 da ake harbin takarda da shi, taushinsa zai ba ka mamaki. Mai ciwon gaɓoɓi kuma ya duba masu cin .32 H&R Magnum, bugu kaɗan, harsashi shida. Sannan mariƙi: na roba da ya rufe ƙarfen baya kuma ya ba ƙaramin yatsa wurin zama yana canza bindigar gaba ɗaya, sai dai yana ƙara tudu a ƙarƙashin riga.

Sauran da sauri. Guduma: 637 tata a waje take, tana kama bakin aljihu. 638 an rufa mata gefe. 642 a ciki take ɗungurum, ita ce ta aljihu. Kube dole ne, wanda ya rufe kunama ruf, kuma aljihun da ke da bindiga ba ya ɗaukar makulli ko tsabar kuɗi. Babban yatsa kada ya wuce gaban silinda, iskar wuta tana fita ta wannan 'yar tsagar, tana yanka fata. Sandar fitar da kwanso gajeriya ce a waɗannan, ba ta turo su gaba ɗaya, don haka a ɗaga baki sama a buge ta sau ɗaya da ƙarfi. In aka yi a kwance, kwanso kan maƙale ƙarƙashin tauraron da ke turo su, ko ɓurɓushin albarushi ya shiga wurin silinda ta ƙi rufuwa. A gida kuma, akwati mai makulli, musamman inda akwai yara.

In ta hannu ce za ka saya, tabbatar babu harsashi a ciki, ka buɗe silinda ka haska fitila a siririn ƙarfen da ke ƙarƙashin gindin bututu. A masu jikin alminiyam nan ne tsagewa take fara bayyana, siririya kamar gashi. In ka gan ta, ajiye musu kayansu. Kafin ka biya kuɗin kowace iri kuma, filayen atisaye da yawa a Amurka suna ba da hayar bindiga. Karɓi ta ƙarfe da ta alminiyam, harsashi iri ɗaya, takarda a nisan mita 5, ka harba ashirin da biyar da kowacce, sannan ka jera takardun biyu ka duba wacce ramukanta suka fi haɗuwa wuri ɗaya a goman ƙarshe.