Romon taki da ƙarafa masu guba a ƙasar lambu

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Darasin yau na masu lambu ne a bakin kogunan Kubanni da Galma a Zariya, da masu kai takin juji gona. Malam, an ce taki yana ɗaure dalma a ƙasa, an kuma ce yana sakinta. Wanne za mu kama?

Malam: Duka biyun, Hajiya. Taki kashi biyu ne. Akwai mai gari, wanda ya ruɓe ya yi baƙi ya zauna a ƙasa. Wannan kamar ƙaya yake, ƙarfe in ya zo sai ya maƙale. Akwai kuma wanda ke narkewa a ruwa. Ki tsaya gindin tulin kashin kaji bayan ruwan farko, za ki ga wani ruwa yana tsiyaya, ja-ja-baƙi kamar shayin da ya sha wuta. Shi muke kira romon taki. A ɗakin gwaji, duk narkakken takin da ya ratsa matatar da ƙofarta ba ta wuce mikron 0.45 ba, shi ne; mikron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. To shi ma yana kama ƙarfe, sai dai ba ya zama wuri ɗaya. Goya shi yake yi, su bi ruwa tare, zuwa saiwa, ko zuwa ƙasa inda ruwan rijiya yake.

Mai gabatarwa: Duk ƙarafan haka suke bin sa?

Malam: A'a. Jan ƙarfe da dalma su ne masu riƙe taki gam, don haka romo in ya yi yawa su yake fara kwashewa. Kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, da tutiya riƙonsu sako-sako ne, tsamin ƙasa ya fi juya su. Ma'aunin tsami, wato pH, in ya sauka ƙasa da 6, kadmiyom yana kwancewa, latas da alayyahu kuwa ba sa ƙin sa. Ƙa'idar abinci ta duniya, wato Codex, ta kayyade miligiram 0.2 na kadmiyom da 0.3 na dalma a kilo ɗaya na ganye. Ƙasar Samaru da kewaye ga ta da ɗan tsami, ga ƙarancin taki, wuraren riƙon ba su da yawa. Yawan zuba yuriya kowace shekara yana ƙara mata tsamin.

Mai gabatarwa: Ke nan sai a yi ta zuba toka?

Malam: Nan ake kuskure. Toka ko farar ƙasa suna rage tsami, kadmiyom ya lafa. Amma in aka zarce 7 sosai, takin da ke zaune sai ya fara narkewa, romo ya ƙaru, jan ƙarfe ya tashi. A nemi wajen 6.5, kuma a auna kafin a zuba.

Mai gabatarwa: To manomi me zai yi da hannunsa?

Malam: Kada ɗanyen taki ya shiga fangali. A tara shi, a yayyafa ruwa har in an dunƙula ya haɗe amma bai ɗiga ba, a riƙa juyawa duk mako biyu, wata biyu zuwa uku. Kashin kajin gidan gona ya fi buƙatar haka, saboda ana sa jan ƙarfe da tutiya a abincinsu. Ga gwaji: cokali ɗaya na taki, cokali goma na ruwa a kwalba, a girgiza, a bari ya kwana. In ruwan ya yi duhu ƙwarai yana wari, da saura. Tulin kuma kada ya zauna kusa da rijiya ko bakin rafi.

Takin juji shi ya fi damuna. A tankaɗe shi, a tsince batura, gwangwanin fenti da tarkacen waya. Ruɓewa ba ta kashe ƙarfe, Hajiya, ko shekara nawa aka yi yana nan. Dalmar da ta hallaka yara sama da 400 a Zamfara a 2010 ta haƙar zinariya ce, amma dalmar batirin mota ita ce dai wannan.

Mai gabatarwa: Mai son kai ƙasarsa gwaji fa?

Malam: Ya ɗebo daga wuri goma zuwa sha biyar, yana tafiya a karkace, zurfin santimita 20. Ya gauraya a bokitin roba, ban da na kwano, don tutiyar jikinsa tana ɓata sakamako. Ya shanya a inuwa, ya ƙulle rabin kilo a leda mai tsabta. Ya ce a auna masa pH, da jimillar ƙarfe, da wanda shuka ke iya sha, don ba ɗaya ba ne.