Kafin ka biya kuɗin jif a kasuwar Haraj, leƙa ƙarƙashinta

Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ku yi haƙuri da muryata. Ina Sharja, kasuwar motoci ta Haraj, ku dubi wannan Prado da ke bayana. Ƙirar 2015, fara sol, an goge ta har kana ganin fuskarka a jikin ƙofa, dirhami dubu 95 ake nema. To bari in sauko da kyamarar. Kun ga ƙarfen da kujera ke gudu a kansa? Tsatsa ce. Ga bel ɗin kujera na jawo shi har ƙarshe, kun ga wannan layi mai ruwan ƙasa? Nan ruwa ya tsaya. Motar nan ta yi iyo. Kuma wallahi gobe wani Alhajinmu zai sauka daga jirgi, ya zagaya ta sau biyu, ya bugi taya da ƙafa, ya ce a yi mata takardu.

Tun ruwan da aka tafka ranar 16 ga Afrilun 2024, wanda ya shanye titunan Dubai da Sharja, ni duk motar da na ji turare ya yi mata yawa sai na ɗaga kafet. Ka taɓa soson da ke ƙasansa, ka leƙa ramin da ake ajiye jak, ka buɗe akwatin fis. In ka ga kore-kore a bakin wayoyi ko busasshen taɓo a lungu, juya kawai. Motar ruwa ba ranar take nuna hali ba, sai bayan wata uku wuta ta fara yi maka wasa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga.

Sai lambar shasi, guda 17 ce tsakanin harufa da lambobi. Ta jikin gilashin gaba, ta jikin ƙofar direba da ta takarda, dole su zo ɗaya. In motar ta nan yankin ce, wadda suke kira GCC, sa lambar a shafin ma'aikatar cikin gida ka ga haɗarin da aka rubuta mata. In daga Amurka aka shigo da ita, nemi rahoton Carfax, wato tarihin motar a can, don da yawansu inshora ce ta sallama su bayan haɗari ko ambaliya, aka kawo nan aka yi musu kwalliya.

Yanzu abin da ya fi ba ni haushi. Mutum zai biya kuɗin fowil, wato jan taya huɗu, amma ba zai taɓa gwada fowil ɗin ba! Ka tsayar da mota cak, ka sa giya a N, ka murɗa maɓallin fowil zuwa L4, ƙaramar giyar ƙarfi. Fitilar dashbod za ta ɗan yi ƙyafta-ƙyafta, sannan ta tsaya. In ta yi ta ƙyaftawa ba ta tsaya ba, ɗan injin lantarkin da ke tura giyar ya maƙale, yawanci don shekara da shekaru ba a taɓa shi ba, kuma gyaransa ba kuɗin shayi ba ne. In ta shiga, ka ja a hankali, za ka ji ta yi nauyi tana tafiya kamar ingarma. Danna maɓallin kulle tsakiya shi ma, ka ga ya kama ya kuma saki. Amma a kan ƙasa ko tsakuwa za ka yi wannan. Irin su Hilux, kada ka kuskura ka sa 4H ka yi ta kwana a kan kwalta, tayoyin gaba da na baya za su riƙa ja-in-ja har wani abu ya ba da kai.

Daga nan a ɗaga ta sama, ko ka shimfiɗa kwali ka kwanta, babbar rigar ta jira. Mutanen nan duk ƙarshen mako suna cikin sahara suna hawa tudun yashi, to motar da ta sha wannan wasa ƙasanta ke faɗa. Farantin da ke kare injin ya lotsa, ƙarfen da lagireto ke zaune a kai ya karkace, ko ka ga sabuwar walda a gaban shasi. Ka kama farfela ka jijjiga, kada ta yi ƙwal-ƙwal. Robobin bakin aksul na gaba, in sun yage giris ya fantsama, yashi ya riga ya shiga. A kwance maka noti a duba man aksul, in ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ne a ciki. Ka buɗe akwatin filtar iska ka shafa bututun da ke bayanta, in ka ji yashi a yatsa, injin ya ci shi. Masu KDSS kuma, wato na'urar da ke daidaita tangaɗin mota, tsaya daga nesa a wuri mai daidai, in ta kwanta gefe ɗaya, a bincika.

Injin a sanyi ake tayar da shi. Ka zo da sassafe ka ɗora hannu a bonet, in da ɗumi, ka tambayi dalili. Kuma injin da aka wanke yana sheƙi ni tsoro yake ba ni, yoyon mai ake ɓoyewa. V6 mai lita 4.0 na Prado sarƙar tayimin gare shi, hankali kwance. Na dizal mai lita 3.0 kuwa bel ne, a kilomita dubu 150 ake canza shi, Pajero mai V6 ma bel ne, sai ka ga rasit ɗin canjin. Mitar kilomita kam kada ka yarda da ita, ka dubi robar birki da fatar sitiyari.

Taya huɗun su zama girma ɗaya, in sun bambanta giyar tsakiya ce ke wahala. Lambobi huɗu a gefen taya, misali 2321, mako na 23 ne na 2021. Zafin ƙasar nan na busar da roba ko da zanenta bai cinye ba.

Kai, wannan zafi ya sa na tuna damina a gida, ƙamshin ƙasa, hanyar ƙauye ta zama kunu, kowa ya kafe kai kana wucewa kana ɗaga musu hannu. In gida za ka tura ta, ni Toyota zan ce, don ko a Ƙofar Ruwa ka shiga za ka fito da kayanta a leda. Patrol ta fi daɗin zama, ban musa ba, amma mai take sha kamar raƙumi ya samu rijiya. Kuma ku kiyayi masu tuƙin dama da aka juya sitiyarinsu, shafar gilashi kan tona su, za ka ga tana sharewa ta wancan ɓangaren.

Cikakken gwaji a Tasjeel, cibiyar duba lafiyar motoci ta nan, 'yan ɗaruruwan dirhami ne, dillalin da ya hana ka kai ta can ya riga ya ba ka amsa. Ga mai Pradon nan ya nufo ni da shayi yana murmushi. Bari in kashe kyamarar kafin ya ga bel ɗin a hannuna.